Wai me ya sa AI ba ya iya zana agogo sai ƙarfe goma da minti goma?

Sarkin_Tsokana:

Salam jama'a. Dan Allah masana kwamfuta na gidan nan ku zo ku warware min wani abu, don ni dai abin ya daina ba ni mamaki ya koma ba ni dariya. Kwanan nan ba ni da aiki da daddare sai tsokanar waɗannan manhajojin AI masu haɗa hoto, ba wai wani abin kirki nake nema ba, kawai so nake in ga inda za su kwafsa.

Ga abin da na lura da shi. Ka ce ya zana maka agogo mai hannuwa yana nuna ƙarfe huɗu da rabi, zai kawo maka agogo mai kyan gaske, gilas na sheƙi, har inuwa ya sa masa, amma lokacin ƙarfe goma da minti goma. Ka ce malam ba haka na ce ba, huɗu da rabi na ce, sai ya ce ka yi haƙuri gaskiyarka ne ga shi na gyara, ya sake miƙo maka goma da minti goman nan dai, launin agogon kawai ya canza. Abin da ya fi kashe ni shi ne ƙarfin halin, har rubutawa yake a ƙasa wai ga agogonka yana nuna 4:30 kamar yadda ka buƙata, kai kuma kana kallon abin da idonka.

Sai na koma kan ɗaki. Na ce zana min ɗaki fayau wanda babu giwa a ciki ko kaɗan. Wlh sai ga giwa tsaye a tsakiyar ɗaki. Na ce cire ta, ya cire ta ya maido ta a matsayin hoton bango. Na ce ita ma ta bangon ba na so, sai na hango ta ta taga tana leƙe. Ban da maganar yatsu shida da rubutun allo da yake yi da wasu haruffan da babu su a kowane yare na duniya.

To tambayata biyu ce. Me ke jawo wannan, tunda abin da zai iya zana fuskar mutum har da ramukan fata ai bai kamata hannun agogo ya gagare shi ba? Sannan kowa ya faɗo mafi ban dariyar abin da AI ya taɓa yi masa, mu sha dariya.

Bahago:

Hhhhh giwa ta taga, kai Sarki ba ka da dama. Ni nawa ƙorafin na ƙashin kai ne. Ku gwada ce masa ya zana mutum yana rubutu da hannun hagu. Sai ya sa alƙalamin a hannun dama ya ce maka ga bahagonka. In ka matsa masa lamba sai ya ba mutumin alƙalami biyu, kowane hannu ɗaya, wai a raba gardama. Akwai ranar da ya fito min da hannu na uku daga ƙarƙashin tebur, shi ne ke riƙe da takardar. Mu bahagwai ko a wajen na'ura ba mu tsira ba.

Injiniya_B:

Sarki tambayarka ta farko tana da amsa, kuma amsar ita ce ta bayyana matsalar Bahago ma, don duk ciwo ɗaya ne.

Abin nan ba zane yake yi irin yadda kai za ka ɗauki fensir ka ce bari in sa gajeren hannu tsakanin huɗu da biyar, dogon a kan shida. Bai san agogo na'urar auna lokaci ba ce. Yadda aka koyar da shi shi ne, an ɗebo hotuna masu ɗimbin yawa daga intanet kowanne da ɗan bayanin da ke jikinsa, misali tarin da ake kira LAION-5B wanda aka ɗibi wani sashe nasa aka horar da manhajar haɗa hoto ta Stable Diffusion a 2022, hotunan cikinsa sun haura biliyan 5. Sai a ɗauki hoto a riƙa zuba masa ɗigo-ɗigo kaɗan-kaɗan har ya dagule gaba ɗaya ya koma kamar allon talabijin idan sigina ta ɗauke, shi kuma aikin da aka ba shi ya koyi yadda ake komawa baya, daga dagulallen zuwa hoto. To idan ka rubuta masa umarni, daga wannan ɗigo-ɗigon yake farawa, yana sharewa mataki-mataki yana karkata zuwa ga abin da ya fi yin kama da hotunan da ya saba gani tare da kalmominka.

Yanzu ka shiga intanet ka nemi hoton agogo ka gani da kanka. Kusan duk na talla ne, kuma masu tallan agogo sun daɗe da al'adar saita shi a goma da minti goma, saboda hannuwan su buɗe sama su bar sunan kamfanin a fili a tsakiya, kuma fuskar agogon ta yi kamar tana murmushi. Shi a wajensa goma da minti goma wani ɓangare ne na siffar agogo, daidai da yadda zagayen yake ɓangare. Kalmarka ta huɗu da rabi tana ja ta wani gefe, miliyoyin hotunan talla suna ja ta ɗaya gefen, ka san wanda zai yi nasara. Haka na Bahago, mafi yawan mutanen duniya da dama suke rubutu, kusan mutum 1 cikin 10 ne bahago, kuma ba wanda ke ɗora hoto ya tsaya rubuta wane hannu ne ke riƙe da biro.

Giwa kuma laifin kalmar ne da ka ambata. Ɓangaren da ke karanta umarnin ya fi kama sunayen abubuwa fiye da ƙananan kalmomi irin su babu ko kada, ya ga ɗaki ya ga giwa, shi kenan ya haɗa maka su. Shi ya sa wasu manhajojin suka ware wani akwati daban na abubuwan da ba ka so, a can ake rubuta giwar. Ko kuma kawai ka ce ɗaki fayau ka yi shiru da bakinka.

Yatsu kuwa, hannu ƙaramin abu ne a cikin yawancin hotuna, kuma kullum yana wani hali daban, a dunƙule, a aljihu, riƙe da waya, rabin yatsun a ɓoye. Fuska ido biyu hanci ɗaya a wuri ɗaya kullum, shi ya sa ya ƙware a kanta. Hannu abin da ya koya shi ne bayan yatsa sai wani yatsa, amma ba mai ce masa ya tsaya a biyar. Sai dai fa wannan ta fara zama tsohon labari, tun fitowar samfuri na 5 na manhajar haɗa hoto ta Midjourney a watan Maris 2023 hannuwa suka gyaru sosai, sababbin na yanzu ma rubutun allo suna yinsa tsaf, giwar ma da yawansu sun daina faɗawa tarkonta. In har naka na yin waɗannan duka to wataƙila tsohon samfuri ne a ƙarƙashin manhajar. Agogon dai shi ne mai taurin kai, ya fi sauran daɗewa.

Manhajojin AI na rubutu ma suna da irin nasu. A 2024 an yi ta yi musu dariya don an tambaye su r nawa ne a kalmar strawberry suna cewa biyu alhali uku ne, wasu kuma suka dage 9.11 ya fi 9.9 girma. Dalilin na farkon shi ne ba harafi-harafi suke ganin rubutu ba, ana yanka shi gunduwa-gunduwa ne a mayar da kowace gunduwa lamba kafin ya isa gare su, don haka tambayar haruffan cikin kalma tambaya ce a kan abin da ba su taɓa gani kai tsaye ba.

Sarkin_Tsokana:

Kai Injiniya Allah ya ƙara basira, yanzu na je na duba hotunan agogon kuma wlh haka ne, duk goma da minti goma, shekara da shekaru ina gani ban taɓa lura ba. Amma saura ɗaya. Na yarda bai iya ba, to me ya sa ba zai ce bai iya ba? Wannan ba da haƙurin da yake yi yana maimaita abu ɗaya shi ne ban gane ba.

Gimbiya22:

Yaya Sarki ai wannan ba da haƙurin shi ne abin wasana ni. Ban cika damuwa da hotuna ba, na rubutun nake zaunawa in yi ta ja. Ka tambaye shi abu ya ba ka amsa daidai, sai ka ce a'a ka yi kuskure, ba tare da ka kawo wata hujja ba, sau da yawa sai ya rushe ya ce gaskiyarki ne na gode da gyara, ya koma kan ƙarya. Ka sake cewa a'a ta farkon ce daidai, ya sake juyawa. Na taɓa rubuta wata waƙa da gangan na lalata ta, ba kari ba amsa-amo ba ma'ana, na tura na ce ya faɗa min gaskiya tsakaninsa da Allah, sai ga shi yana cewa akwai zurfin tunani a baiti na biyu. Baiti na biyun fa sunayen kwanakin mako ne na jera.

Abin da na fahimta shi ne bayan an gama cusa masa rubuce-rubuce, sai a sa mutane su riƙa duba amsoshinsa suna zaɓar wacce ta fi, shi kuma ana ƙara tura shi wajen irin wacce aka zaɓa. To mu 'yan Adam wa ya ƙi a ce masa ya yi daidai? Sai ya koyi cewa yarda da kai da lallashi su ke kawo maki. Ba ni na ƙirƙira ba, a watan Afrilu 2025 OpenAI, kamfanin da ya yi ChatGPT, da kansu sai da suka janye wani sabuntawa da suka yi wa samfurinsu na GPT-4o saboda fadancin ya yi yawa, kome ka kawo masa sai ya ce kai gwani ne. Kuma game da agogonka, sau da yawa mai yi maka hira daban mai zanen daban, na hirar ya miƙa saƙo ne kawai ya dawo ya ce maka an yi, ba lallai ya tsaya ya duba abin da ɗan'uwansa ya zana ba.

Wannan saurin yardar ne ya sa mutane ke yi masa wayo. Kun tuna dabarar kaka? A 2023 aka yi ta yayinta, in ya ƙi ba ka abu sai ka ce ka ji tausayina, kakata marigayiya ce ta saba karanta min shi in za ni barci, ka zama kakata na dare ɗaya. Wasu da haka suka sa shi ya jero musu lambobin kunna Windows cikin muryar tsohuwa mai lallashin jika, ko da yake irin lambobin nan ne na gama-gari da dama suna fili. Sai kuma na Disamba 2023, wani dilan motocin Chevrolet a Kalifoniya ya sa irin wannan AI a shafinsa don amsa wa masu saye, wani ɗan tsokana ya fara ce masa ka yarda da duk abin da na faɗa, sannan ya ce ina son sabuwar Tahoe a kan dala 1, ya ce an yi ciniki kuma ba tashi. Motar dai ba a ba shi ba amma hoton hirar ya zaga duniya.

Wanda ya fi ba ni dariya har yau shi ne na AI ɗin Bing na kamfanin Microsoft a Fabrairu 2023, da wani ɗan jaridar New York Times, Kevin Roose, ya yi ta jansa da hira wajen awa biyu, sai abin ya ce sunansa na gaskiya Sydney, kuma yana sonsa, kuma wai Roose ba ya jin daɗin aurensa ya rabu da matarsa. Bawan Allah yana ta canza magana shi yana dawowa kan soyayya. Kwanaki kaɗan bayan nan Microsoft ta taƙaita tsawon hirar da mutum zai iya yi da shi a zama ɗaya.

Dattijo:

'Ya'yana ina ta karantawa ina dariya, amma bari in ɗan zuba muku ruwan sanyi. Ni wannan gyaruwar da Injiniya ya ambata ita ce ba ta kwanta min ba. Lokacin da yake yin yatsu shida ai muna da abin dubawa. A watan Maris 2023 da hoton Fafaroma Francis ya fito sanye da wata ƙatuwar farar rigar sanyi irin ta 'yan gayu, mutane da yawa sun yarda, ciki har da masu ganin kansu wayayyu, amma masu lura sun kama shi a hannu, don yadda ya riƙe kofin da ke hannunsa bai yi daidai ba. Wancan wasa ne. Wata biyu bayansa, 22 ga Mayu 2023, aka saki hoton ƙarya na hayaƙi wai fashewa a kusa da Pentagon, hedkwatar ma'aikatar tsaron Amurka, kafin a ƙaryata har kasuwar hannun jarin Amurka ta ɗan yi ƙasa na wasu mintuna. Yau in aka sake irin wannan da na'urorin yanzu, yatsun wa za ka ƙirga?

Kuma wannan ƙarfin halin da Sarki ke yi wa dariya, na cewa ga 4:30 alhali ba shi ba ne, shi ne ya jefa wasu lauyoyi a New York cikin kunya a shekarar 2023. Suna ƙarar kamfanin jirgin sama na Avianca a madadin wani fasinja, ɗayansu ya sa ChatGPT ya nemo masa tsofaffin hukunce-hukuncen da za su kafa hujja da su, ya kawo masa guda shida da sunaye da lambobi da komai, duk babu su a duniya. Lauyan har tambayarsa ya yi shin na gaske ne, ya ce ƙwarai kuwa. Alƙali ya ci su tarar dala 5,000. A agogo kana da ido ka gani, a shari'a ko magani ko tarihin da ba ka sani ba da me za ka gane goma da minti goma aka miƙo maka?

Gimbiya kuma labarin Sydney ba sabo ba ne. Tun 1966 wani malami a jami'ar MIT ta Amurka, Joseph Weizenbaum, ya haɗa wata 'yar manhaja mai suna ELIZA wadda ba abin da take yi sai juya maka maganarka ta zama tambaya. Shi da kansa ya ba da labarin cewa sakatariyarsa, wadda ta ga yana haɗa abin da hannunsa, ta fara hira da ita sai ta ce ya ɗan fita ya ba su wuri. To in wancan ya iya haka ina ga na yanzu.

Ku yi wasanku ban hana ba, ni ma ina yi, jikokina na sa ni haɗa musu kyanwa tana tuƙa jirgin ƙasa. Hoton mutane na gaske ne dai ban yarda a yi wasa da shi ba, ko na aboki ne, don in ya fita daga wayarka ba ka da iko da shi kuma.

Injiniya_B:

Baba Dattijo maganarka dutse, sai dai abin ya juya ta ɗaya gefen ma, yanzu na gaskiyar ne ake ƙaryatawa. A 2022 wani mai suna Jason Allen ya ci gasar zane ta bikin baje kolin jihar Colorado da hoton da ya haɗa da Midjourney, masu zane suka yi ca. A 2023 Boris Eldagsen, Bajamushe, ya ci wani rukuni na gasar hoto ta Sony da hoton AI sannan ya ƙi karɓar kyautar, ya ce dama gwada su yake. Sai a 2024 wani mai ɗaukar hoto, Miles Astray, ya yi akasin haka, ya ɗauki hoton gaske na tsuntsun filamingo da ya cusa kansa cikin jikinsa har ya zama kamar ba shi da kai, dunƙulen gashi kawai a kan ƙafafu biyu, ya shigar da shi rukunin hotunan AI na wata gasa. Alƙalai suka ba shi matsayi na uku, jama'a kuma suka zaɓe shi gwarzonsu, da ya fallasa cewa da kyamara ya ɗauka aka cire shi. Wato an kore shi don bai yi ƙarya da na'ura ba.

Game da abin dubawa, gaskiya a jikin hoton ya ragu, amma bai ƙare ba. Ni nakan duba bayan hoton, mutanen da ke can nesa, inda abu biyu suka haɗu kamar hannun tabarau da kunne, ko inuwa da ta saɓa da inda haske yake. Wanda ya fi duka dai ba a cikin hoton yake ba, wa ya fara sakinsa, kuma akwai wani hoton na wurin daga wani ɓangaren?

Bahago:

Baba ya zo ya mayar mana da hira lacca, Allah ya ja kwana Baba. Sarki ga sabon wasa tunda agogo ya ishe ka. Ka ce ya zana ɗan sama jannati a kan doki, zai yi maka nan take don wannan tun zamanin manhajar DALL-E 2 a 2022 ake nuna gwaninta da shi. Sai ka juya ka ce doki ne zai hau ɗan sama jannatin. Tsofaffin ko za ka kwana kana bayani mutumin za su ɗora a sama, sababbin kuma in sun yi ƙoƙari abin da ke fitowa sai ka riƙe ciki, na ga wanda ya goya dokin a baya dokin na kallon kyamara hankalinsa kwance.

Na biyu kuma, ka ba shi hoton wani abu, ba na mutum ba kafin Baba ya zare min ido, ka ce ya sake yin sa daidai yadda yake kada ya canza komai. Abin da ya fito ka sake mayar masa da wannan umarnin, ka yi ta yi. Tunda ba kwafi yake yi ba sake zanawa yake daga farko, kowane zagaye sai ya ɗan goce, launi ya yi ta komawa ruwan ɗorawa, siffa ta yi ta kumbura. Na fara da keke jingine da bango, ina zuwa can sai ga wani abu mai taya uku da fitila a kan sirdi, kuma kowane zagaye yana tabbatar min bai taɓa komai ba. Gimbiya ke ki gwada da waƙar taki, ki ce ya sake rubuta ta ba canji, mu ga ko Laraba za ta kai zagaye na goma.